Filtar Iska Ta Kasuwa Da Shan Mai: Me Take Canzawa A Mota, Me Kuma Ba Ta Canzawa?

Shin gaskiya ne cewa idan mai mota ya cire filtar iskar da motarsa ta zo da ita, ya sa wata ta musamman wadda ake cewa tana barin iska ta shiga inji a wadace, motar za ta rage shan mai? Masu motoci a Amurka da Turai sun daɗe suna wannan muhawara, domin can ne kasuwar irin waɗannan kaya ta fi girma. A wajenmu kuwa maganar ba ta yi ƙarfi ba sai bayan 29 ga Mayun 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 a farashin gwamnati ta haura naira 1,000 a garuruwa da dama kafin ƙarshen 2024, kuma tun daga nan duk abin da aka ce yana rage shan mai yana samun masu saurare, daga ɗan maganaɗisun da ake ɗaurawa a bututun mai har zuwa jar filtar nan mai siffar mazurari da ake tallatawa a Facebook da TikTok.

Amsar ta rabu biyu, kuma abin da ya raba ta shi ne yadda injin yake auna man da yake sha. A motar da kwamfuta ke sarrafa injinta, wato mai injekta (na'urar da ke fesa wa inji mai bisa umarnin kwamfuta), filtar iska ba ta da wani tasiri na a zo a gani a kan man da ake ƙonawa a kowace kilomita, ko sabuwa ce ko tsohuwa, ko ta kamfani ce ko ta kasuwa. A injin da ke aiki da kabureta kuwa, wato na'urar da ke haɗa mai da iska ba tare da kwamfuta ba, filtar da ta toshe tana ƙara shan mai, amma maganin hakan tsabtatacciyar filta ce daidai da injin, ba lallai mai tsada ba.

Abin da ake nufi da filtar kasuwa

Kowace mota tana fitowa daga masana'anta da filtar iska a cikin wani baƙin akwatin roba kusa da inji. Galibi takarda ce ta musamman da aka ninninke domin ta samu faɗi mai yawa a ƙaramin wuri, aka kewaye bakinta da roba mai taushi don kada iska ta bi ta gefe. Aikinta guda ne, wato tare ƙura da yashi da ganye kafin su isa cikin inji. Duk filtar da aka sa daga baya wadda ba ta kamfanin da ya ƙera motar ba, ita muke kira filtar kasuwa a nan, sai dai sunan ya tattara abubuwan da suka sha bamban.

Akwai filtar takarda ta sanannun kamfanoni irin su Mann da Mahle da Denso, waɗanda su ne ma suke yi wa masu ƙera motoci kaya tun farko, saboda haka tsakaninta da ta asali babu wani bambanci da za a tsaya a kansa. Akwai jabu, mai kwalin babban kamfani da takardar banza a ciki. Akwai kuma wadda muhawarar take a kanta, wato filtar yadin auduga da ake shafa wa mai. Kamfanin K&N na jihar Kalifoniya, wanda ya samo asali daga harkar tseren babura, shi ya fito da irinta a 1969, kuma har yau shi ne sunan da aka fi sani. 'Yan ninkin auduga ne a tsakanin ragar ƙarfe, an jiƙa su da wani jan mai da ƙura ke maƙalewa a jikinsa. Ramukanta sun fi na takarda girma, don haka iska ta fi wucewa da sauƙi, kuma idan ta yi datti wanke ta ake yi a sake shafa mata mai maimakon a jefar. Wata shimfiɗaɗɗiya ce da ke shiga akwatin asali, wata kuma mai siffar mazurari ce wadda sai an cire akwatin gaba ɗaya kafin a ɗaura ta a bakin bututu.

Yadda injin zamani yake auna man da zai sha

Fetur ba ya ƙonewa sai da iska, kuma ƙonewar ba ta cika yadda ake so sai an haɗa kilo 14.7 na iska da kilo 1 na fetur. Da yake nauyin litar fetur kimanin giram 750 ne, kowace lita tana buƙatar iska wajen lita 9,000, ma'ana kafin tanki mai cin lita 50 ya ƙare, iskar da ta ratsa wannan 'yar takarda ta doshi lita 450,000. Daga wannan lissafi masu talla suke ɗauko hujjarsu. Suna cewa tunda inji yana jan iska mai yawa haka, duk abin da ya tare masa hanya wahalar da shi yake yi, injin da ke wahala kuwa dole ya sha mai, amma da zarar an buɗe masa hanya sai ya huta, shan man ya ragu. Maganar tana da daɗin ji, kuma wanda bai san cikin inji ba ba zai ga inda ta karkace ba.

Inda ta karkace shi ne, injin fetur da gangan ake shaƙe shi. Totur ɗin da direba yake takawa ba mai yake saki kai tsaye ba. Wani faifan ƙarfe yake juyawa a maƙogwaron injin, bayan filta, wanda ke buɗe hanyar iska ko ya rufe ta. Lokacin da mota take tsaye inji na aiki, faifan nan kusan a rufe yake, har matsin iskar da ke bayansa yakan sauka zuwa kusan kashi ɗaya bisa uku na matsin iskar waje. A tafiyar cikin gari, ko a kan babbar hanya da matsakaicin gudu, buɗewarsa kaɗan ce. Ke nan a mafi yawan lokacin da mota take tafiya, wannan faifai ne yake taƙaita iska, kuma cikas ɗin da filta take kawowa bai taka kara ya karya ba idan aka gwada da nasa. Wanda ya buɗe kan famfo kwata kawai ba zai ƙaru da komai ba don ya sauya bututun da ke kawo ruwan da mai faɗi. Idan filta ta ɗan toshe, direba yakan ƙara taka totur kaɗan ba tare da ya sani ba, faifan ya ƙara buɗewa, iskar da ke isa inji ta koma yadda take. Idan aka sa filta mai sakin iska, sai ƙafarsa ta ɗan sassauta, faifan ya ƙara rufewa. Ko ta wace hanya aka bi, tafiyar kilomita 80 a awa tana buƙatar ƙarfi iri ɗaya, wannan ƙarfi kuma yana buƙatar iska da mai daidai gwargwadonsa.

Abu na biyu shi ne awo. A yawancin motocin zamani, dab da bayan filta akwai na'urar auna iska, mai wata siririyar waya da ake zafafawa da lantarki. Iskar da ke wucewa tana sanyaya wayar, kwamfutar injin kuma tana gane nauyin iskar da ta shiga daga yawan wutar da ake buƙata domin wayar ta riƙe zafinta. Wasu motocin matsin iskar da ke bayan faifan suke aunawa, amma manufar ɗaya ce. Da wannan awo kwamfuta take yanke shawarar tsawon lokacin da kowace injekta za ta buɗe. Sannan a jikin salansa akwai wata na'urar da ke auna ragowar iskar oksijin a cikin hayaƙi, wadda kamfanin Bosch ya ƙirƙira, Volvo kuma ya fara sa ta a motocinsa a 1976. Ita ce ke gaya wa kwamfuta ko man da ta zuba ya yi yawa ko ya yi kaɗan, ita kuma tana gyarawa ba ƙaƙƙautawa. Idan iska ta ragu sai ta rage mai, idan ta ƙaru sai ta ƙara, domin haɗin ya zauna a kan ma'auninsa. Muddin waɗannan na'urori suna awo daidai, filta, kowace iri ce, ba ta da hanyar da za ta taɓa wannan ma'auni.

Wuri ɗaya ne filta take da ta cewa, shi ne lokacin da direba ya danne totur har ƙasa, faifan ya buɗe gaba ɗaya, inji na juyawa da sauri. A nan ne filta mai sakin iska kan iya ƙara ɗan ƙarfi, kuma a motar gida wadda ba a taɓa injinta ba ƙarin kan zama kaɗan ne ƙwarai. Sai dai ƙarin ƙarfin daga ƙarin iska ya zo, ƙarin iska kuma kwamfuta ta bi shi da ƙarin mai. Saboda haka a daidai lokacin da filtar take yin aikin da aka saye ta dominsa, ƙara shan mai take yi, ba ragewa ba.

Abin da gwajin Oak Ridge ya nuna

Shekaru da yawa hukumomin Amurka da kansu suna gaya wa masu motoci cewa sauya filtar da ta toshe kan iya rage shan mai har da kashi 10 cikin 100, shawarar da ta samo asali daga binciken zamanin kabureta. A watan Fabrairun 2009, cibiyar bincike ta ƙasa da ke Oak Ridge a jihar Tennessee, wadda ke ƙarƙashin Ma'aikatar Makamashin Amurka, ta fitar da rahoton da ya sake duba maganar. Masu binciken, Kevin Norman da Shean Huff da Brian West, sun ɗauki motoci huɗu: Buick Lucerne ta 2007, Dodge Charger ta 2006, Toyota Camry ta 2003, da kuma tsohuwar Pontiac Grandville ta 1972 mai kabureta. Sun toshe filtocin da gangan, suka ɗora motocin a kan na'urar da tayoyi ke juyawa a kanta mota na tsaye wuri ɗaya, suka bi da su tsarin tuƙin da gwamnati take amfani da shi wajen auna shan mai.

A motoci ukun masu injekta, toshewar filta ba ta kawo wani canji mai ma'ana a shan mai ba. Abin da ta taɓa shi ne saurin ɗaukar gudu, wanda ya inganta da kashi 6 zuwa 11 cikin 100 bayan an mayar da tsabtatacciyar filta. A motar 1972 kuwa labarin ya sha bamban, domin sauya filtar da ta toshe ya rage shan mai da kashi 2 zuwa 6 cikin 100, har ma ya kai kashi 14 a lokacin da toshewar ta yi tsananin da motar ba ta tafiya daidai. Bayan wannan rahoto hukumomin suka gyara shawarar da suke bayarwa.

Filtar da ta toshe ce gwajin ya sa a gaba, amma hukuncin da ya fito daga cikinsa ya shafi filtar kasuwa kai tsaye. Tazarar da ke tsakanin filtar da aka toshe da gangan da sabuwar filtar takarda ta ninka tazarar da ke tsakanin sabuwar filtar takarda da ta auduga. Idan babbar tazarar ba ta motsa shan mai ba, babu dalilin sa ran ƙaramar za ta motsa shi. Kuma Camry ta 2003 ba baƙuwa ba ce a titunan Kano ko Kaduna.

Inda tsohuwar magana take da gaskiya

Kabureta ba ta auna komai da lantarki. Zuƙar da iska take yi yayin da take ratsa wani matsattsen wuri ita ce ke janyo mai daga ɗan kofin da ke ƙasa. Idan filta ta toshe, zuƙar takan ƙaru alhali iskar ta ragu, sai mai ya rinjayi iska, kuma wannan shi ne ainihin aikin da cok yake yi idan aka ja shi da sanyin safiya. Alamominsa sanannu ne: baƙin hayaƙi, warin ɗanyen mai a salansa, da fulogin da ake cirowa baƙi ƙirin.

Wannan ɓangare ya fi shafarmu fiye da yadda ya shafi Amurkawa, domin kabureta ba ta mutu a nan ba. Tsofaffin Fijo 504 da aka harhaɗa a Kaduna, da tsofaffin motocin haya, da waɗanda makanikai suka cire wa injekta suka mayar da su kabureta, da mafi yawan baburan 'yan acaɓa, da adaidaita sahu, da ƙananan janaretocin gida, duk da ita suke aiki. Ga mai irin wannan inji, duba filta a kai a kai yana cikin hanyoyi mafi arha na rage kashe kuɗi a gidan mai. Amma ko a nan maganar ta tsaya ne a kan tsabta. Idan aka sa wa kabureta filtar da ta fi sakin iska fiye da wadda aka saita ta da ita, ko aka cire filtar gaba ɗaya kamar yadda wasu ke yi wa janareta, sai iska ta rinjayi mai, injin ya riƙa yin zafi fiye da kima yana shaƙewa idan aka ba shi wuta, har sai an sake saita kaburetar.

Injin dizal shi ma nasa daban ne, tunda da yawan mai ake sarrafa ƙarfinsa ba da shaƙe iska ba. Tsohuwar babbar mota mai famfon mai na gargajiya takan yi baƙin hayaƙi ta rasa ƙarfi idan filtarta ta toshe, amma gwajin da cibiyar Oak Ridge ta yi daga baya a kan motocin dizal na zamani ya nuna su ma shan mansu bai canza sosai ba.

Me ya sa wasu ke rantsuwa sun ga bambanci?

Ba duk mai cewa motarsa ta rage shan mai bayan sauya filta ba ne maƙaryaci. Da wuya a sauya filta ita kaɗai. Ranar da aka kai mota sabis akan juye baƙin mai, a sauya fulogi, a wanke maƙogwaron inji, wani lokaci a ƙara wa tayoyi iska, sai filtar da aka kashe wa kuɗi mai yawa ta kwashe yabon duka. Haka kuma wanda ya sayi abu domin ya rage shan mai yakan zuba wa allurar mai ido a makonnin farko, ya sassauta ƙafarsa, ya daina gudun banza, kuma wannan sauyin hali kaɗai ya isa ya haifar da bambancin da yake gani.

Akwai kuma masu samun akasin haka. Akwatin filta na asali an ƙera shi ne har da nufin kashe ƙarar zuƙar iska, don haka da zarar an cire shi an sa mai siffar mazurari, injin yakan yi wani gurnani mai daɗin ji idan aka taka shi. Kunne sai ya ɗauka ƙarfi ne ya ƙaru, ƙafa kuma ta riƙa neman ƙarar a kowace fitilar hanya.

Ƙura, wadda ita ce ainihin maganar a ƙasarmu

A ganina, tambayar da ta kamata mai mota a Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram ya yi game da filta ba ta shan mai ba ce, ta yawan ƙurar da take bari ta wuce ce. Akwai ma'aunin duniya na gwada filtar iska mai lamba ISO 5011, inda ake hura mata ƙura mai sanannen girma, irin wadda ake samowa daga hamadar Arizona, a auna nawa ta tare, nawa ta bari, da kuma nawa take iya ɗauka kafin ta toshe. Alƙaluman da ake samu sukan yi kama da juna a ido, amma ba haka suke ba a cikin inji. A ɗauka wata filta tana tare kashi 99.5 cikin 100, wata kuma kashi 98. Tazarar kamar babu, amma ta farko giram 5 take bari ya wuce daga kowane kilo na ƙura, ta biyu kuma giram 20, wato ninki huɗu.

Yanzu a haɗa wannan da inda muke zaune. Kwarin Bodele da ke arewacin Chadi ana lissafa shi a matsayin wurin da ya fi ko'ina tayar da ƙura a duniya, kuma iskar hunturu daga can take kwaso hazon da ke rufe garuruwanmu tun daga Nuwamba har zuwa Maris. Ga kuma hanyoyin da ba kwalta, inda mota ke bin bayan wata cikin buji. A cikin wannan ƙura akwai ɓarɓashin yashi wanda ya fi ƙarfen cikin inji tauri. Idan ya shiga, yakan gauraya da baƙin mai ya riƙa goge jikin silinda da ringin fistin a hankali. Ba a jin ɓarnar a rana ɗaya. Sai bayan lokaci mota ta fara shan baƙin mai, ta fara shuɗin hayaƙi, matsinta ya ragu, daga nan kuma shan fetur ya ƙaru da gaske, irin ƙaruwar da ba ta gyaruwa sai an buɗe inji.

Masu filtar auduga suna da tasu hujjar, kuma ya kamata a ba su haƙƙinsu. Suna cewa man da ke jikinta yana kama ƙurar da ramukan za su bari, kuma tunda wanke ta ake yi, mutum ya huta da sayen filta har tsawon rayuwar motarsa. K&N yana cewa tasa takan kai mil 50,000, wato kimanin kilomita 80,000, kafin ta buƙaci wanki a tuƙin babbar hanya na yau da kullum. Sai dai wannan sharaɗi na tuƙin yau da kullum ba hanyar Gashuwa a watan Janairu ake nufi da shi ba. A nan wankin zai zo da wuri, kuma yana buƙatar ruwan wanki da man shafawa na musamman, da haƙurin barin ta ta bushe da kanta. Filtar audugar da aka wanke da fetur aka mayar babu mai a jikinta kusan raga ce kawai.

Filtar takarda ma ba ta tsira daga hannunmu ba. Duk wanda ya taɓa zama a gareji ya ga yadda ake yi: yaron bakanike ya ɓalle maƙallan akwatin, ya ciro filtar, ya bubbuga ta a jikin taya har ƙura ta tashi, sannan ya tsallaka wajen mai faci ya sa mata bututun iska mai ƙarfi, ya dawo da ita fes ya ce, "Alhaji, ta koma sabuwa." Iskar kwamfaresa tana yaga zaren takardar, ta bar ƙananan ramukan da ido ba ya gani, bugun kuma yana lanƙwasa robar bakin. Abin mamaki ma shi ne filtar takarda takan ƙara iya tacewa bayan ta ɗan ɗauki ƙura, domin ƙurar da ta kwanta a kanta tana toshe manyan ramuka, saboda haka yawan buɗe ta ana kakkaɓewa ba alheri ba ne. Gwajin da ya fi gaya wa mutum gaskiya shi ne ya cire filtar ya shafa yatsa a cikin bututun da ke bayanta, ɓangaren da ya nufi inji. Idan yatsan ya fito da ƙura, to filtar tana yoyo, ko ta huje, ko bakinta bai zauna daidai ba, wanda shi ne babban aibin jabu.

Mai, zafi da ruwa

Filtar auduga tana da wata matsala da ta shafi shan mai kai tsaye, amma ta mummunar fuska. Idan aka cika mata mai bayan wanki, iska kan kwashi ɗigonsa ta yaɓa a siririyar wayar nan mai auna iska, ƙura ta maƙale a kai, awon ya lalace. A 2004 kamfanin General Motors ya aika wa dillalansa sanarwa a kan haka, yana danganta wasu matsalolin tafiyar inji da canjin giya da kunnuwar fitilar gargaɗi da filtocin kasuwa da aka cika wa mai. K&N ya musanta cewa man filtarsa yana barin jikinta idan an shafa shi bisa ƙa'ida. Ko wanne ne ya fi gaskiya, kwamfutar da ake ba awon ƙarya ba za ta zuba mai daidai ba.

Sai batun zafi. Akwatin asali yana da bututun da ke jawo iska daga gaban mota ko gefen taya, inda take da ɗan sanyi. Mai siffar mazurari da aka ɗaura tsirara kusa da inji kuwa iskar da lagireto da jikin inji suka dafa take zuƙa. Duk ƙarin zafi na digiri 10 yana rage nauyin iska da kusan kashi 3 cikin 100, kuma idan iskar ta yi zafi sosai kwamfuta takan jinkirta tartsatsin fulogi don kare inji daga ƙwanƙwasa, abin da ke rage ƙarfi da ingancin ƙonewa. A watan Afrilu, lokacin da zafin waje kansa ya haura digiri 40, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Masu kauce wa zafin ta hanyar saukar da bututun ƙasa kusa da bamba su kuma suna sayen wani haɗarin, domin ruwa ba ya matsuwa, kuma idan inji ya zuƙe shi a kududdufin damina yana iya lanƙwasa sandar fistin nan take.

Inda man yake tafiya a zahiri

Hukumar Kare Muhalli ta Amurka ta gwada na'urori fiye da 100 da aka yi iƙirarin suna rage shan mai, ba ta samu wadda ta kawo wani ragi mai yawa ba. Alƙaluman Ma'aikatar Makamashin ƙasar sun nuna inda babbar asarar take. Tuƙin ganganci, wato fizgar mota da taka birki da ƙarfi da gudun wuce kima, yana ƙara cin mai har ya rage nisan da lita ke kaiwa da kashi 15 zuwa 30 cikin 100 a babbar hanya, da kashi 10 zuwa 40 a cunkoso. Daidaita iskar taya kan ceto har kashi 3. Gyara na'urar auna oksijin da ta mutu kuwa yana iya kaiwa kashi 40 a mummunan hali.

Wannan na ƙarshe ya cancanci kulawa, domin yawancin motocinmu sun ci shekaru kafin su shigo ƙasar, kuma da yawa suna yawo da fitilar gargaɗi a kunne, wasu ma an cire ƙwan fitilar don kada ta dami mai saye. Akwai kuma al'adar cire na'urar da ke daidaita zafin ruwan inji a haɗa fanka kai tsaye, da sunan ƙasarmu ƙasar zafi ce. Injin da bai kai zafin aikinsa ba kwamfuta tana ɗaukarsa a matsayin wanda aka tayar yanzu, sai ta ci gaba da ƙara masa mai. Kuɗin filtar auduga ɗaya ya isa a sa wa mota na'urar bincike a gano irin waɗannan, a kuma sayi filtar takarda mai kyau.

Wanda ya riga ya sayi tasa kuma yana son sanin gaskiya, allurar mai ba za ta gaya masa ba. Sai ya cika tanki har famfo ya tsaya da kansa, ya rubuta lambar kilomita, ya yi tafiyarsa ta yau da kullum, ya sake cikawa a famfo ɗaya, ya raba kilomitocin da ya yi da litocin da suka shiga. Ya maimaita haka tanki uku ko huɗu da filtar takarda, sannan ya yi da ta auduga, ba tare da ya sauya komai a motar ba. Ko da haka, cunkoso da kunna na'urar sanyaya mota da nauyin kaya da bambancin man gidajen mai suna sa sakamakon ya riƙa hawa da sauka daga tanki zuwa tanki, don haka bambancin kashi 2 ko 3 cikin 100 ba ya tabbatar da cewa filtar ce ta kawo shi.